Faranti da ruwa ko PhET: wanne ya fi wajen koyar da igiyar ruwa?

Malaman fiziks sun sha tambayata wannan, musamman masu SS2, to bari in amsa gaba ɗaya. PhET dai shiri ne na waya da kwamfuta da ke kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a hoto mai motsi.

Ta wajen kuɗi dai faranti ya yi gaba. Faranti mai faɗi, ruwa kamar rabin inci, tocila da rula, shikenan. Ka ɗiga ruwa da yatsa yara su ga da'ira tana bazuwa, ka jera rula biyu ka bar ƴar ƙofa tsakani su ga igiyar ta ratsa tana lanƙwasawa. PhET ma kyauta ne, jami'ar Colorado ta Amurka ce ke yinsa tun 2002, amma sai da waya ko kwamfuta, ga caji, mu kuwa kun san halin wutarmu. Sauƙinta dai in ka sauke sau ɗaya yana aiki ba data.

Inda faranti ke ban haushi shi ne sauri, kafin ka ce ku duba igiyar ta bugi gefe ta dawo komai ya cakuɗe, kuma aji mai ɗalibai tamanin na baya ba abin da za su gani, wani ma sai ya tuntsurar da ruwan kan littattafai. A PhET kuwa kana iya tsayar da igiyar cak, ka auna tsawonta, ka ƙara saurin kaɗawa su ga tsawon ya ragu, abin da WAEC ke yawan tambaya kenan. Sai dai yaro na iya ɗaukarsa katun ne kawai.

In makarantarku ba wuta ko yanzu kake gabatar da darasin, ɗauki faranti. Mai majigi da ke shirya ɗalibai lissafin jarabawa, PhET zai fi masa.