Sharhi kan shagon da ya yi mana allon karrama tsohon kansilan mazaɓarmu

Masu yin allunan karramawa sun yawaita a birnin Kano, kuma hakan ba abin mamaki ba ne a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, ga shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi da ake yi wa taron bankwana kusan kowane ƙarshen mako. Mafi yawan abin da ake miƙawa a irin waɗannan taruka roba ce mai kama da gilashi da aka manna wa takarda mai hoto, wadda ba ta cika shekara biyu a falo ba tare da launinta ya koɗe ba. Da ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta yanke shawarar karrama tsohon kansilanmu, sai aka ɗora wa ƙaramin kwamiti, wanda nake cikinsa, nauyin nemo abin da zai daɗe. Mun ba wani shago da ke Titin Gidan Zoo aikin, kuma a ganina aikin hannunsu ya cancanci yabo, amma tsarin hulɗarsu da mai saye yana da gyara sosai.

Wanda aka karrama ya ci zaɓen kansila a 2014, ya sake ci a 2018 da kuma 2021, abin da ba kasafai ake samu ba a muƙamin da jam'iyyu suka saba karɓa-karɓa da shi tsakanin unguwanni. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara, amma kansila ba shi da wani asusu nasa na ayyuka, kuma a duk tsawon zamaninsa kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, tunda sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka abin da ya yi mana, wato katange maƙabarta da gyaran rijiyar burtsatse da kwalbatin da ya raba mu da ambaliyar damina, da bin ofisoshi da naci ya same su. Wannan ne ya sa muka dage cewa allon ya ambaci ayyukan da sunayensu, maimakon jimlar nan ta gama-gari da ake rubuta wa kowa cewa ya ba da gudummawa wajen ci gaban al'umma.

Shagon ba shi da girma, kuma injina sun cinye fiye da rabinsa, har mai saye ba ya samun wurin zama sai benci guda a bakin ƙofa. Sai dai mai shagon, dattijo ne mai natsuwa, bai yi gaggawar tura mu ga abin da ya fi tsada ba. Ya jera mana nau'i uku a kan tebur, na roba da na gilashi mai kauri da na katako mai farantin tagulla, sannan ya ɗauko wani tsohon allon roba da aka kawo masa gyara, ya sa farce ya ɗaga gefen takardar da aka manna, ya nuna mana yadda zafi ya busar da gam ɗin har ƙura ta shige ƙarƙashinsa. Game da na gilashi kuwa, ya ce yana da kyau a hoto, amma faɗuwa ɗaya ta ishe shi, ga shi kuma daga waje ake kawo shi, idan ya tsage babu gyara. Ya kuma ja hankalinmu kan bambancin katako na gaske da matsattsen garin katako da ake lulluɓewa da fenti, wanda yake kumbura da zarar ya sha danshi. Mun zaɓi maɗaci da tagulla, kuɗinsa ya kusa ninka na roba sau uku, kuma ban ga cewa an zalunce mu ba.

Inda shagon ya fi burge ni shi ne wajen tsara rubutun. Mun je da takarda mai sakin layi biyu cike da kirari, sai mai shagon ya karanta ta a hankali, ya ce farantin ba zai ɗauki fiye da layi takwas ba idan ana so dattijo ya karanta ba tare da tabarau ba, kuma gara a rage kirarin a bar ayyukan. Da ya zo kan shekarun sai ya dakata, ya dubi sakataren ƙungiyarmu ya ce, "Malam, a jere ya yi su, ko an samu kwamitin riƙo a tsakani?" Tambayar tana da muhimmanci, domin duk wanda ya san siyasar ƙananan hukumomi ya san akan samu tazara tsakanin ƙarewar wa'adi da sabon zaɓe, lokacin da kantomomi ke riƙe da hukuma kuma zaɓaɓɓen kansila yana gida. Ya ba da shawarar a rubuta shekarun zaɓen guda uku daban-daban, kuma a sa kalmar zaɓaɓɓe a gaban kansila don kada a ɗauke shi kansilan gafaka, wanda naɗa shi ake yi. Mutumin da yake sayar da allo amma ya damu da kada a sassaƙa abin da wani zai ƙaryata gobe, ya san darajar sana'arsa, kuma saboda wannan kaɗai zan iya komawa wurinsa.

Matsala ta farko ta fito ne a samfurin da suka turo mana ta WhatsApp. Salon haruffan da yaron da ke kan kwamfuta ya zaɓa, mai lanƙwasa da ado, ba shi da haruffan Hausa masu ƙugiya, saboda haka ƙaramar hukuma da ƙungiya da maƙabarta duk suka fito babu ƙugiya, kuma bai ga hakan a matsayin kuskure ba sai da muka yi magana. Abin takaici ne shagon da ke tsakiyar Kano, wanda yawancin masu sayensa Hausawa ne, a ce ba shi da tanadin wannan tun farko. Sun gyara ba tare da gardama ba, ta hanyar komawa ga salon haruffa marar ado, wanda a ƙarshe ma ya fi sauƙin karantawa, amma duk wanda zai ba su aikin Hausa ya nemi a buga masa samfurin a takarda daidai girman farantin, ya bi shi harafi bayan harafi kafin ya amince, domin abin da inji ya huda a tagulla ba ya gogewa.

Sai kuma batun alkawari. Sun karɓi kafin alƙalami na fiye da rabin kuɗin, ba su ba da rasit ba sai da ma'ajinmu ya nema, abin da bai dace ba ga kuɗin da jama'a suka tara ta hanyar karo-karo. Ranar da suka sa ta wuce aikin bai kammala ba, aka ce rashin wuta ne da tsadar man janareto, uzurin da kowa ya san gaskiya ne a garin nan, sai dai babu wanda ya kira ya sanar da mu, mu ne muka riƙa bibiya. Allon ya iso hannunmu ana jibi taro.

Aikin kansa ba ni da abin kushewa a cikinsa. An goge maɗacin ya yi santsi, jansa mai duhu ya fito, kuma yana da nauyi a hannu. Da inji mai allurar ƙarfe aka sassaƙa rubutun, aka cika ramukan da baƙin fenti, sannan aka shafa wa farantin wani ruwa mai hana tagulla dusashewa, har idan ka bi layin da ɗan yatsa kana jin zurfin kowane harafi. Kusoshi huɗu masu kan zagaye ne suka riƙe farantin, ba gam ba, kuma an yi wa allon maratayi a baya tare da ƙafar jingina ga mai son ajiye shi a kan tebur. A wurin taron, da wakilin hakimi zai miƙa shi, ya karanta layukan daga nesa ba tare da ya kusanto da allon fuskarsa ba, kuma da ya zo kan katangar maƙabarta sai dattawan da ke sahun gaba suka ɗauki kabbara.

Ga ƙungiyar da ke son a rubuta ainihin abin da mutum ya yi, kuma take da halin ba da aiki da wuri, shagon ya dace, da sharaɗin a karɓi rasit mai ɗauke da ranar kammalawa, a kuma ƙara aƙalla mako guda a kan ranar da suka faɗa. Mai gaggawa ko mai neman alluna da yawa masu araha don rabawa, zai fi samun biyan buƙata a wani wurin. Haka kuma kada a dogara da akwatin da suke bayarwa, domin kwali ne marar ƙwari da aka shimfiɗa wa siririn ƙyalle, murfinsa ma ba ya rufuwa daidai. Mu dai sai da muka je Kasuwar Kurmi wurin dukawa aka ɗinka mana jakar fata daidai girman allon, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin allon ba.