Ƙagaggiyar wasiƙa daga duniyar Mars: garin da iska ke da mita

Zuwa ga Kawu da sauran mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan an ga damina lafiya, tambayoyinku sun iso, musamman na samarin da ke cewa a nema musu hanya. Mu 'yan gida da ke aiki a sashen iska da na ruwa da ofishin rajista mun zauna mun haɗa amsa guda, don kada wani ya sayar da gonar gado a kan jita-jita.

A nan, wanda ke riƙe da iska shi ne hukuma. Iskar waje kashi 95 cikin 100 kabon ce, irin wadda mutum ke fitarwa idan ya numfasa, kuma matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na ta gida ba. Mutum ɗaya yana buƙatar kusan giram 840 na oksijin a rana, ya fitar da kusan kilo 1 na kabon. Hanya biyu ake samar da oksijin. Ko a raba ruwa da lantarki, lita 1 ta ba da kusan giram 890, abin da zai riƙe mutum kwana guda. Ko a zuƙo iskar waje a gasa ta a zafin digiri 800 a fizgo oksijin daga cikinta. Dabara ta biyun an fara gwada ta ne a nan a 2021 da ƙaramar na'urar MOXIE da ke jikin motar bincike Perseverance, kuma duk aikin da ta yi giram 122 ta tara, wanda ba zai kai mutum awa 4 ba. Namu injinan jikokinta ne.

Abin da ya fi kawo matsala ba ƙarewar oksijin ba ne, taruwar kabon ne. Matatar da ke tsotse shi tana toshewa da ƙura da danshi, sai mutane su fara ciwon kai da kasala da saurin fushi ba su san dalili ba. Shi ya sa kowane ɗaki yake da na'urar auna iska, kuma rataya riga a kanta ko toshe kafar iska da kaya laifi ne da ya fi sata girma. Dokar farko ta garin ita ce ba a yanke wa kowa iskar numfashi saboda bashi. A gida mai wuta yana hawa turke ya cire waya; a nan in aka yi haka kisan kai ne. Amma abin da ya wuce rabon mutum, kamar ƙarin ɗaki ko shago, mita ce ke ƙirga shi, a cire daga albashi kafin ya shigo hannu.

Mulkin garin hannu uku ne ke riƙe da shi, kuma ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Na farko ƙasashen da suka harbo gine-ginen. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata duniya, amma kowace ƙasa tana da iko a kan abin da ta yi wa rajista da mutanen da ke cikinsa. Saboda haka mutum yana iya fita daga ɗakin kwanansa ƙarƙashin dokar wata ƙasa, ya shiga ɗakin cin abinci ƙarƙashin ta wata, tafiyar da ba ta kai daga zaure zuwa tsakar gida ba. Na biyu kamfanin da ya gina injinan, wanda yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasarsa alhakin sa masa ido, ido kuwa daga nisan miliyoyin kilomita kun san yadda yake gani. Na uku majalisar mazauna da muke zaɓa, wadda ke tsara rabon ɗakuna da lokutan aiki da sulhu. A saman su duka akwai shugaban sansani: da zarar an ce ana cikin halin gaggawa, maganarsa ce doka. Rigimar siyasar garin kacokan a kan wannan take, wato wa ke da ikon cewa an shiga gaggawa, kuma yaushe za a ce an fita. A ganinmu majalisar ba za ta yi haƙori ba sai ranar da ta samu nata masu karanta alƙaluman injin, ta daina jiran abin da kamfani ya faɗa mata.

Maganar fili, Kawu, ku ja kunnen yara. Duk wanda ya nuna musu takardar fuloti a Mars ta intanet ɗan damfara ne. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, shi ya ba mutum takardar zama. A nan babu gwamnan da zai bayar, don ba ta kowa ba ce. Abin da ake mallaka shi ne abin da aka haƙo, ƙanƙara ko ƙarfe, bisa tafarkin dokar Amurka ta 2015 da ta Lukzambur ta 2017. Ramin ba naka ba ne, abin da ka ciro naka ne.

Gidan yari babu, domin fursuna yana shan iska da ruwa bai yi aiki ba. Hukuncin ƙaramin laifi ƙarin awannin wanke matata ne, ko rage rabon saƙon da mutum ke aikawa gida, wanda ya fi tara zafi. Babban laifi kuwa ƙasar mai laifin ce ke shari'arsa, kamar yadda aka tsara wa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 1998. Sai dai magana tana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ta iso ku, gwargwadon nisanmu, don haka alƙali ba ya iya yi wa shaida tambaya ya ji amsa nan take. Komai a rubuce ake yi. Wanda aka yanke wa kora zai jira jirgi, jirgi kuwa sau ɗaya yake samun hanya a wata 26, sannan tafiyar wata 6 zuwa 9. Duk tsawon jiran nan da wanda ya zalunta za su riƙa haɗuwa a layin abinci. Shi ya sa sulhu ya fi kotu kasuwa.

Wanda zai sa hannu a kwantiragi ya duba abu biyu: wa zai biya kuɗin komawa, kuma me zai faru da ɗakinsa in aikin ya ƙare. Mai ba ka aiki shi ne mai gidan haya, shi ne mai sayar maka da iska. Ma'aikatan iska da ruwa da wuta kuma doka ta hana su yajin aiki.

Kaya a nan nauyinsu ake saye, ba kyansu ba. Katin memori da ke ɗauke da littattafai dubu ya fi galan ɗin man gyada araha nesa ba kusa ba. Kwano da kujera da bulo ana yin su a nan, ba tsada. Abin da ke ƙaranci shi ne robar bakin ƙofa da matata da boris, saboda ƙurar nan ta fi ta hunturu laushi, tana shiga ko'ina ta cinye su. Dako kam da sauƙi: buhu mai kilo 100 nauyin kilo 38 yake yi a kafaɗa.

Wuta ba a ɗauke ta haka kawai, wannan kam mun fi ku. Amma ranar nan ba ta kai rabin ƙarfin ta gida ba, ƙura kuma tana lulluɓe sola. Guguwar 2018 ita ta kashe motar bincike Opportunity, tarin ƙura kuma ya kashe na'urar bincike InSight a 2022. Janareta ba ya aiki a waje, don fetur ba ya ci ba oksijin. Ƙaramar tashar nukiliya ce ke riƙe garin, kuma in wuta ta yi ƙasa doka ta jera masu rabo: iska, ɗumi, ruwa, gona, asibiti, sannan ɗakunan kwana.

Ruwa daga ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ake narko shi, a tace. Ƙasar nan tana da wani gishiri mai guba da na'urar Phoenix ta gano a 2008, wanda ke taɓa maƙogwaro ya jawo maƙoƙo, don haka sai an wanke ta kafin a shuka komai. Gumi da fitsari da ruwan alwala duk komawa suke a tace, kamar yadda tashar sararin samaniya ta kai kashi 98 cikin 100 a 2023. Kada ku yamutsa fuska, ya fi ruwan leda tsabta. Gero da dawa ba su samu gurbi ba, sun yi tsayi kuma suna son rana mai ƙarfi; gajeriyar alkama da dankali da waken suya ake nomawa. Daddawar waken suya tana yiwuwa, amma sai a ɗakin da aka keɓe, don warinta in ya shiga bututu gari duka zai sha miya. Gawayi da turaren wuta da tsire haramun ne a doka. Rago babu, kuɗin layya gida ake turowa.

Asibiti kyauta ne, sai dai magani yana lalacewa kafin sabo ya iso, kuma motsa jiki dole ne don ƙashi na rage ƙarfi. Yinin nan awa 24 ne da minti 39, salla muna bin ranarmu, wadda ke faɗuwa da shuɗi-shuɗi. Wata biyu gare mu, ɗaya daga yamma yake fitowa, don haka azumi da Salla ganin watan Makka muke bi. Alƙibla kuwa inda duniyarku take muke fuskanta, bisa jagorar da malaman Malesiya suka rubuta wa 'yan sama jannati a 2007.

Mai zuwa ya cika rabon kayansa da busasshen barkono da kuka da kuɓewa da kanwa, ya bar atamfa da takalman fita. Iri kuma sai ya bi ta ofishin bincike, in ba haka ba ƙona shi za a yi. Nan gaba kaɗan rana za ta shiga tsakaninmu da ku, saƙo zai yanke kusan mako 2; in kun ji shiru, lafiya lau muke. A gaida Inna da su Gwaggo.

Naku,
'Yan gida na sansani