Kwali ko buhun ratayewa: wanne ya fi adana kayan makarantar yara?

'Yar uwa, kin ce yaranki huɗu ne a firamare, kullum da safe sai an yi cigiyar fensir da littafi, kina tambaya ko kwalin Indomie za ki samo ko buhu za ki ɗinka mai aljihu ki rataye. Duka biyun na yi amfani da su a ƙauyenmu, nan gefen Wudil, bari in jera miki su.

Kwali dai ba ya cin ko sisi, mai shago zai ba ki. Littafi yana kwanciya a ciki sambal, ba ya nannaɗewa. Idan ɗakinki siminti ne kuma kina da benci ko tebur da za ki ɗora shi, ba laifi. Amma a ɗakin daɓe irin namu, ban ba ki shawara ba. Kwali yana shan danshi, ga shi abincin gara ne, kyankyasai kuma suna ɓuya a ramukan jikinsa. Wata damina, cikin watan Agusta, na zo ɗaga namu sai gindin ya tsaya a ƙasa. Littafin lissafin 'yata mai aji 4, bangon na nan lafiya lau, da na buɗe sai jar ƙasa, gara ta cinye aikin zango guda. Yarinyar nan ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo.

Buhu kuwa sai kin ɗan wahala. Ki samu na shinkafa mai kilo 50 guda biyu, ki wanke ki shanya. Ɗaya shi ne bayan, ɗayan ki yanka aljihuna, ki ɗinka da basilla ko ki kai wa tela. Ki ninke bakin kafin ɗinki, in ba haka ba zarensa zai riƙa warwarewa. Kowane yaro aljihu biyu: babba na littafi, ƙarami na fensir da biro da magogi. Ki ɗinka wa kowa ƙyallen atamfa daban, ko wanda bai iya karatu ba zai gane nasa. A nan ne rigimar "ya ɗaukar mini" ta mutu a gidanmu.

Wajen ratayewa ki kula. Ƙusa ba ta zama a bangon laka idan nauyi ya yi yawa. Ki zura sanda a saman buhun, ki ɗaure da igiya a jikin azara, ki bar ɗan tazara da bango domin gara na bin bango ta hau. Aibinsa biyu: littafi mai laushin bango yana lanƙwashewa in aljihun ya yi faɗi, sannan ƙurar hunturu tana shiga, sai kin yafa masa tsohon zani.

Ni buhu na zaɓa don kayan kullum. Sababbin littattafan da ake sayowa ranar Juma'a a kasuwar Wudil kafin komawa makaranta a Satumba, su kuma ina zuba su a bokitin fenti mai murfi, ɓera ba ya samun ƙofa. Reza da kwalbar tawadar makarantar allo kada ki sa su a aljihun yara, gwangwanin Milo mai murfi ya ishe su, ki ɗora can sama inda mai rarrafe ba zai kai ba.