Zuwa fadar Sarkin Damagaram: ranar sallah, juma'a, ko ranar da babu cunkoso?

Duk wakansi sai 'yan uwa sun kira ni daga Maraɗi ko Kano wai yaushe ya fi su zo su ga fada, to amsar tana ga abin da kake son gani.

In dawakai ne a ranka, zo da sallah. Hawa, algaita, kakaki, dogarai cikin ja da kore, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka, wallahi abin yana shiga jiki. Amma kar ka sa rai za ka shiga ciki ka duba gini a natse, ranar mutanen fada ba su da lokacin kowa, kuma masauki yana wuya in ba ka da ɗan uwa a gari. Juma'a tsaka-tsaki ce, ka yi salla a masallacin da ke kusa da fada, ka ga jama'ar sarki, sai dai nan ma kallon waje ne ya fi yawa.

Ni dai zaɓina ranar aiki da safe, kafin rana ta take. Sa'annan ne za ka samu wani daga cikin mutanen fada ya zaga da kai zaure bayan zaure, ka taɓa bangon ƙasa ka ji kaurinsa da sanyinsa, ya ba ka labarin Sarki Tanimun da ya kewaye Birni, tsohon garin da fadar take ciki, da ganuwa har yana da igwa, da Amadu Kuran Daga wanda a zamaninsa aka kashe Bafaranshe Kazamaju a 1898. Mai rakiyar da ka tsinta a titi zai iya fin sauƙin kuɗi, amma iyakarsa ƙofa, na ciki shi ya san inda ake shiga da inda ba a shiga. Ku yi maganar abin goro tun farko, kuma ka riƙe canji.

Gida ne da mutane ke ciki fa, har gobe ana zaman fada. Sa kayan mutunci, cire takalmi inda aka ce, gaida dogari kafin komai, kar ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Na taɓa kai wani baƙo da gajeren wando, kunyar da na ji ran nan har yau ban manta ba.

Kabu-kabu ya fi sauri, adaidaita ta fi in da mata da yara, amma kana isa Birni sauka ka taka, lungunan da zanen da ke jikin gidaje da manyan duwatsun nan ba a ganinsu a guje. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, Afrilu da Mayu kam zafi ba ya barin mutum. In da hali ka sa ta faɗo ranar alhamis, daga fada ka wuce kasuwar Dole tana ci.