Wane jirgi ya dace da kamun kifi a fadamar Haɗeja da Nguru?

Duk wanda zai sayi jirgi don su mai nisa a fadamar da ta miƙe daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, ya fara duba ruwan da zai bi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyi da dama. Da rani sai ka yi tafiya mai tsawo a ruwan da bai wuce gwiwa ba, wani wurin ma dole ka sauka ka ja jirgin a cikin taɓo. Don haka abu biyu ne ma'auni: yadda gindinsa ke nutsewa in an yi lodi, da ko mutum ɗaya zai iya jansa.

Jirgin da aka sassaƙa daga gungume guda, na maɗaci ko kawo, yana da ƙarko, kuma siririn jikinsa na kutsawa tsakanin ciyawa. Sai dai yana da nauyi, yana kuma da saurin tangaɗi a hannun wanda bai saba ba. Manyan itatuwan ma sun yi wuya yanzu.

Ni dai na katako mai shimfiɗaɗɗen gindi nake fifitawa, domin kaɗan yake shiga ruwa ko da an loda masa kaya. Za ka tsaya a kansa ka watsa birgi (ragar jifa), ka tura da gwangwala inda filafili ba ya aiki, ka ɗauki kalli (ragar da ake kafawa a ruwa) da mamari (dogon zare mai ƙugiyoyi) da guzurin kwanaki, har da icen banda in a sansani za ka kwana. In ya fashe, kafinta zai gyara shi a gaɓa da ƙusa da ƙyalle da kwalta. Aibinsa yoyo, ba a rabuwa da kwarfar ruwa. Kuma kada kwaɗayin girma ya ja ka. Dogon jirgi ya fi gudu da riƙe hanya, amma juya shi a ƙuntataccen lungu wahala ce. Matsakaici, wanda mutum biyu za su ɗaga, ya wadatar.

Na faiba (roba mai zaren gilashi) ba ya ruɓewa, ba ya yoyo, amma da tsada, kuma ranar da kututture ya huda shi samun mai gyara a ƙauye aiki ne.

Akwai kuma kayak, ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya da ake yawan su da shi a gaɓar Florida da Texas ta Amurka. Na su yakan kai mita 3 da rabi zuwa 4, yana bin ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Wanda ake zama a samansa ya fi wanda ake shiga cikinsa, don ruwan da ya fantsamo yana zurarewa ta ramukan gindi. Mai feda, irin wanda kamfanin Hobie ya fito da shi a 1997, yana hutar da hannu a doguwar tafiya, amma fikafikansa ko farfelarsa na buƙatar zurfi, ciyawa kuma na naɗe su. A nan mai filafili ya fi. Zafin rana yana lanƙwasa roba, sai an ajiye shi a inuwa. Mai ƙugiya da ke su don nishaɗi zai more shi. Masuncin da ke ciyar da gida da tarwaɗa da karfasa kuwa, ina zai zuba taru?

Batun inji, a yi hattara. Nauyinsa na danne bayan jirgi, farfela na cin taɓo, mai kuma na cinye riba.

Ranar ciniki, a kifa jirgin a duba gindi da haɗin katako, a danna da wuƙa a ji ko akwai ruɓa a ƙarƙashin sabon fenti. Sannan a saka shi a ruwa da lodin da za a riƙa ɗauka, a bar shi ya kwana. Ruwan da aka tarar a ciki da safe, da shi za a yi tayi. A ware kuɗin rigar ceto tun cikin lissafin farko.