Shagon buga katin biki da ke kusa da kasuwar Dole

Jama'ar Damagaram, duk mai shirin biki ya leƙa shagon nan. Katin auren ƙanwata Hadiza na kai, mu goma sha ɗaya ne a gidanmu can Birni, uwa uku, sai na rubuta "shaƙiƙan amarya da ƴan'ubanta na gayyata". Dattijon da ke kan kwamfuta ya cire tabarau ya ce, ɗana, shaƙiƙi daga Larabci yake, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ko ɗan'uba uba kuka haɗa kawai, kuma kalmar da ɗaci take tafe, ba ka ji ana cewa ƴan'ubanci ba? Sa ƴan'uwa. Wai asalinta ɗan uwa ne amma ta ɗauke wa da ƙane da ya da ƙanwa, har ɗan baffa da maƙwabci duk sun shiga.

Wallahi jikina ya yi sanyi, da na raba gidanmu biyu a kan takarda ban sani ba.

Bugun ya fita tsaf, ƙ da ɗ da ƴ duk da lanƙwasarsu. Kwana ɗaya suka ƙara mini saboda ɗaukewar wuta, sai ku kai aikinku da wuri.