Dattijon ya iya karanta man giya, amma ya ɓata rawarsa da tsalle

Masu tsofaffin motoci otomatik na yankinmu, daga Ɗambatta zuwa Kazaure, da yawa sun tambaye ni yadda muka kwashe da dattijon nan mai gyaran giya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Motata Camry ce ƙirar 2004, wadda ake ce wa Big Daddy, mai silinda huɗu, kuma ta sha hannu kafin ta iso wurina. Aikinta ɗaukar iyali ne da buhunan amfanin gona daga ƙauye zuwa kasuwar Lahadi, sai jefi-jefi a leƙa birni.

Tun da zafin bazara ya kankama ta tsiro da wani hali. Da safe in na sa ribas sai ta yi jim kafin ta kama, in ta kama kuma da fizga. A kan kwalta, tsakanin giya ta biyu da ta uku, inji ya yi ta ƙugi amma gudu bai ƙaru ba, sai daga baya ta farga. Na zaro gejin man giya, na ga mai ya koma ruwan ƙasa mai duhu, saura ƙiris ya zama baƙi. Duk wanda na nuna wa a majalisa bakinsu ɗaya: kar ka kuskura ka taɓa shi, ranar da ka canza man giya ranar giya za ta kwanta. Wani bakanike kuma ko bonet bai ɗaga ba ya yanke hukunci, wai giya ta gama yawo, in haɗa kuɗi a je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗauko ta Beljiyam. A wannan marra, ko taki ban saya ba!

Abin da ya fara burge ni da dattijon shi ne ƙin taɓa motar da ya yi da na isa. "Alhaji, ni ba na duba giya da sanyi," in ji shi. Ya karɓi makulli, ya kashe rediyo, ya sauke gilas, muka miƙa hanyar Kazaure yana tuƙi yana kasa kunne, ko uffan bai ce ba. Da muka dawo bai tsaya a inda yaransa suka nuna masa ba, sai da ya nemi daɓe mai daidai, don in mota ta karkata geji ƙarya zai yi. Ya ja birkin hannu, ya taka na ƙafa, ya bi da sandar giya daga P har L yana ɗan dakatawa a kowanne, ya maido ta P, ya bar inji a sulo. Sai a sannan ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mini layin da aka rubuta HOT. Ya ce Toyota haka ake duba ta, inji a kunne, mai ya ɗau zafinsa na aiki, wajen digiri 70 zuwa 80. Ya ƙara da cewa kar in je in koya wa masu Honda wannan, su tasu sai an kashe inji a duba nan take.

Daga nan ne ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya sa yaro ya yago farar takarda daga littafin rubutu, ya ɗiga man motata a gefe ɗaya, ya ɗiga sabo a ɗaya gefen, ya ajiye a kan benci ya ɗora sifana don kar iska ta ɗauke. Muka zauna. Ni na ƙagu, shi kuwa goronsa yake ci. Can ya ɗauko ya ɗaga ta saitin rana. Ɗigon sabon ya bazu ya yi faɗi, ja mai haske, kana hango rana ta cikinsa. Nawa ya tsaya a dunƙule, bai yi nisa ba, tsakiyarsa ta yi duhu, gefensa ruwan ƙasa. Ya miƙo mini geji ya ce, "Shinshina." Akwai ƙauri, amma ba mai hawa kai ba. Ya lakato kaɗan ya murza tsakanin yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ce in yi haka ni ma. Santsi ne, babu tsakuwa-tsakuwa.

"Launi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, Alhaji. Lafiyayyen mai ja ne kamar zoɓo, amma jan nan rini ne aka sa don a bambanta shi da baƙin mai, kuma rini yana dishewa da shekaru. Naka ya tsufa, ya kuma sha zafi. Wanda nake tsoro shi ne in na ga zoɓon an zuba masa nono."

Ya ce wannan alamar ruwa ce. Ya durƙusa ya nuna mini bututu biyu da suka fito daga giya suka shiga ƙasan lagireto, ya ce a can ciki man giya yake hucewa, tsakaninsa da ruwan inji ƙarfe ne siriri. Mu nan da muke ɗura wa lagireto ruwan rijiya da na burtsatse, tsatsa tana cin wurin har ya huje, ruwa ya shiga giya, gam ɗin da ya riƙe fatar faifan kuloci ya saki. In ta kai haka, canjin mai asarar kuɗi ne. Bai tsaya a faɗa ba, sai da inji ya huce ya buɗe murfin lagireto ya haska, ya ga babu maiƙo a saman ruwan, sannan ya ce alhamdu lillahi, an tsallake wannan.

Na kawo masa maganar majalisa, cewa sabon mai yana kashe giya. Bai yi dariya ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce suna da gaskiya rabi. Giyar da faifanta suka riga suka cinye, garin da suka zubar a cikin tsohon man ne yake ɗan ba ta kamu, in aka zubar da shi sai sulɓi ya fito fili, a ɗora wa sabon mai laifi alhali giyar ta daɗe da mutuwa. Don haka ba zai yi mini alkawarin komai ba sai ya ga abin da ke kwance a kwanon ƙasan giya.

Suka kwance noti suka tsiyaye man a jarka mai awo, ya tsaya wajen lita 3 da rabi, da aka sauke kwanon wani ya ƙara zubowa. Ya ce giyar gaba ɗaya tana cin kusan lita 8, ragowar yana maƙale a cikin kwambata, wancan ƙullin da ke tsakanin inji da giya, ba ya fita ta noti. A cikin kwanon akwai 'yan maganaɗisu, sun yi kumburi da wani baƙin laka. Ya lakato ya shafa mini a bayan hannu. Laushi gare shi, toka-toka, babu abin da ke sukar fata. Ya karkata kwanon a rana yana neman ƙyalli, ya ce in da akwai ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, ko mai ruwan tagulla, ko baƙaƙen ɓawo manya, da ya mayar mini da tsohon man ya ce in lallaɓa in tara kuɗi. Babu ko ɗaya. Wallahi a wurin na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Shawararsa ita ce a canza a hankali, zubi uku, ana yin tafiya a tsakani, ban da injin nan na wanke giya da ake tallatawa a birni, wai tsohuwar giya ba ta son a tayar mata da dattin da ya kwanta. A kan irin man kuwa bai yi sassauci ba. Ya nuna mini T-IV a rubuce a kan gejin, ya ce shi za a zuba, ban da WS, man giyar Camry ɗin da ake ce wa Muscle, ƙirar 2007 zuwa sama, ban da jan man sitiyarin da ake sayarwa a gorar ruwa a bakin titi, wanda yake zargin an sha yi wa motar ciko da shi tun kafin ta zo hannuna. Ya ce in je da ƙafata in sayo, in duba hatimin baki da kyau saboda jabu ya yi yawa. Na sayo gwangwani uku masu lita 4, da filta da gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo a bakin kwanon. Farashi kun san shi, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba.

Da aka gama zubin farko na hau titi, bambancin bai ɓuya ba. Ƙugin nan na tsakanin ta biyu da ta uku ya ragu sosai, ribas ta daina fizga. Na isa gida ina ta sa masa albarka, na ba mutum biyu kwatancen garejin a daren. Da a ranar na yi wannan rubutu, da babu abin da za ku karanta sai yabo.

To amma. Ba a jima ba na fara ganin ɗigon ja a ƙarƙashin darbejiyar da nake ajiye motar. Na leƙa, gefen kwanon ya jiƙe sharkaf, ƙura ta manne, ga wani jan gam ya tsattsafo ta ko'ina. Ashe lokacin da dattijon ya ce mini zai je sallar Azahar ya dawo, daga masallaci gidan gaisuwa ya zarce, ya bar wa ƙaramin yaronsa rufe kwanon. Yaro ya lafta gam a kan sabon gasket, ya ɗaure notuna iya ƙarfinsa har gasket ɗin ya tsage ya turo waje. Abin haushin shi ne, shi dattijon da bakinsa ya gaya mini a ranar cewa gam ba ya shiga wannan wuri, don in ya ɓantare ciki yake faɗawa ya toshe filta da ƙananan hanyoyin mai. Mutumin da ya zauna yana jiran ɗigon mai ya bazu a takarda, shi ne ya kasa tsayawa a ɗaure notuna a gabansa.

Da na koma ban je da faɗa ba, sa'an mahaifina ne. Na ce, "Baba, ga abin da ya faru." Ko durƙusawa bai yi ba ya ce hanyar ƙauyenmu ce, na buga dutse. Wane dutse? Hanyarmu yashi ce zalla, kowa ya sani, kuma kwanon ko ƙwarzane babu. Sai da na ja hannunsa na nuna masa gam ɗin sannan ya yi shiru, ya juya ya zazzage yaron, amma har na bar wurin kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinsa zuwa gare ni ba. Sabon gasket ni na saya. Ya ce tunda an sake buɗewa, a ɗauka zubi na biyu ne, na ce to. Da aka gama kuma ya miƙo hannu a ba shi kuɗin aiki cikakke, ko sisi bai rage ba. Na biya, amma raina bai so ba.

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi sauran. Kujerar direba har yau da shatin yatsu na baƙin mai. Fetur ɗin da na bari a ranar farko ba haka na same shi ba, an ce gwaji aka yi. Tsohon man da aka tsiyaye kuma a bayan gareji suka kwarara shi a ƙasa, wurin da awakin unguwa ke kiwo, ga damina na tafe. Waɗannan duk na haɗiye su a farko saboda daɗin da na ji, yanzu kuwa sun dawo mini.

Ban ce bai iya aiki ba, kar a juya mini magana. A duk yankin nan ban ga wanda ya kai shi gane ciwon giya ba, kuma ya tsare mini kuɗin giyar Beljiyam da wani ya so in zubar. Bayan zubi biyu, a lissafinsa kusan kashi biyu cikin uku na man sabo ne, a takarda ya koma ja mai ɗan duhu, ƙaurin ya tafi. Canjin giya ya daidaita ko da lodi, sai dai jinkirin ribas da sassafe bai gushe gaba ɗaya ba, shi ma ya faɗa tun farko cewa wannan na tsufa ne. Wanda zai kai masa mota ya kai, amma ya je da safe, ya ja benci ya zauna, kar ya matsa ko nan da can sai an ɗaure notin ƙarshe a gaban dattijon. In aka kira salla ku tafi tare ku dawo tare.

Gwangwani na uku ne ya ƙarasa ɓata mini rai. Shi ya ce in bar shi a garejin kar ya yi ta yawo a but cikin zafi. Da na biya in ɗauka, na tarar an fasa hatimin, ya ragu kusan rabi. Yaron ya ce wani mai Corolla ne ya zo da gaggawa, Oga ya ce a ɗan ara masa, za a mayar. Na ce da wane man za a mayar, na gorar ruwa? Na ɗauko abina na taho da shi gida, na sayi cikon da kuɗina. Zubi na uku ta noti ne kawai, ba sai an sauke kwano ba, don haka ƙanena da ke koyon gyara a Kazaure zai yi shi a ƙofar gida, da jarka mai awo, ina tsaye.